Ka Bar Mai Gora Ya Faɗi Maganarsa

Unguwar Jahun, Bauchi
Ranar Litinin

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka riga ka sauka Fatakwal lafiya, ka sami masauki, ka huce gajiyar hanya. Allah ya tsare ka a mota da wurin aiki, ya haɗa ka da mutanen kirki. Zan sa takardar a jakarka cikin ninkin darduma, domin na san nan hannunka zai fara kaiwa. Ka yi haƙuri da rubutun. Hannun yana rawa, layukan duk sun karkace, ni da na yi shekara talatin ina yi wa yara faɗa a kan karkataccen layi.

Zancen sallah da riƙon amana na riga na yi maka shi da baki, kuma ban ga kana wasa da su ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami zai ba ka dariya. A kan wasan nan ne naku na waya, wanda kuke ce wa gem.

Ka sani ba na raina shi. Tun da mahaifiyarka ta rasu, Allah ya jiƙanta, gidan nan ya yi shiru, har ina jin ƙarar agogon bango daga tsakar gida. Amma duk ranar Asabar bayan la'asar sai ka zo ka zauna kusa da tabarmata, ka cire abin nan na kunne, ka saki murya don in ji. Sai gida ya cika da mutum biyar, kowa yana garinsu. Kai ne jarumi mai takobi kuma shugaban tafiya. Akwai maharbiya, akwai masu garkuwa biyu, sai mai maganinku, wanda kuke kira Mai Gora saboda gorar magani da yake ratayawa a cikin wasan. Ka ce mini a zahiri mai gyaran injin niƙa ne a wajen Zungur, ba ka taɓa ganinsa ba, kuma sai ya hau kan wani dutse bayan gidansu kafin ya sami sabis. Ban iya taɓa komai a wayar ba, amma na gane abin da kuke yi sarai. Kowa ya ɗauki suna da halin wani, yana magana da bakinsa, kuna ƙirƙirar labari kuna tafe. Habibu, na yi wannan sana'a kafin a haife ka. Mu dai namu a kan dandamali ne.

Asabar uku da suka wuce na ji abin da ya faru a kogon dodo. Kun yi makonni kuna bin labarin Mai Gora, wai dodon da ya tare rijiya ba kashe shi za a yi ba, lallashinsa za a yi, kuma mai magani ne zai yi masa magana. Na ji shi yana ce muku ya shirya abin da zai faɗa, har ya rubuta a bayan kwali. Da kuka isa, ya buɗe baki ke nan sai sabis ya fara yi masa gardama, muryarsa tana zuwa tana yankewa. Ka jira kaɗan, ka yi tsaki, ka ce a bar ɓata lokaci, ka sare dodon da sara uku. Sauran suka yi dariya, ɗaya ya yi maka kirari. Da muryar Mai Gora ta dawo, abin da ya ce kawai shi ne, “To, madalla.” Asabar biyu ke nan bai zo ba. Na tambaye ka, ka ce wataƙila data ce ta ƙare masa.

Ba data ba ce. Na san wannan madalla ɗin, an taɓa yi mini irinta. Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba.

Lokacin da Bauchi ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka cika gari daga ko'ina. Mu matasan malamai da akawuna muka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, muna yi a ɗakin taron wata makaranta da yamma. A wancan zamani ba a rubuta wa ɗan wasa magana. A zauna a tsara ƙashin labari, a ce kai ne alƙali, kai ne mai ƙara, ga abin da ya haɗa ku, ga inda za a ƙare. Sauran kuwa kowa da bakinsa. Saboda haka wasan duk ya dogara ne a kan abu ɗaya, wato ka bar wa ɗan'uwanka ƙofa. Ka yi magana, ka tsaya, ya shigo. Idan ya yi tuntuɓe ka miƙa masa wata kalma ya kama. Ni Allah ya ba ni baki da saurin amsa, kullum ni ne alƙali, har sunan ya bi ni kasuwa. Sai na ɗauka ni ake zuwa kallo.

Kuskurena na farko a kan sababbi ne. Duk wanda ya shigo ƙungiya, ranar gwajinsa ta farko sai na tsayar da shi a gaban kowa, in gyara masa tsayuwa, in gyara masa murya, in kwaikwayi yadda ya yi don a yi dariya. A raina koyarwa nake yi. Wasu sun jure, da yawa ba su sake dawowa ba, ni kuwa ina cewa ba su da zuciyar wasa. Sai da na tsufa na lura ban taɓa tambayar ko ɗayansu abin da ya kawo shi ba. Wani dariya ya zo nema bayan wahalar ofis, wani baƙo ne a gari yana neman wanda zai san sunansa. Don haka idan sabo ya shigo muku, kada ka fara da lissafa masa abin da bai iya ba. Ka tambaye shi wane irin mutum yake son zama a labarin, kuma me yake jin daɗi, faɗa ko hira ko yawon duba wurare. Ka ba shi wani ƙaramin aiki da zai iya, ya yi, a yaba masa a gaban kowa. Gyaran kuwa ka bi shi da shi gefe, ku biyu.

Akwai kuma Malam Isa tela, wanda yake ɗinka mana kaya, ya jera benci, ya ja labule. Ya yi shekara huɗu da mu. Ranar da ya daina zuwa muka tsaya cirko-cirko, babu wanda ya san inda ake ajiye igiyar labulen. Ban tuna ranar da na ce masa sannu ba, kuma ya rasu ban ce ba. Na lura a wasanku mai takobi ake yi wa kirari, alhali na ji sau nawa kana faɗuwa mai magani yana tashe ka, masu garkuwa suna shan duka a madadinka. Idan an ci nasara ka kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi abin da kowa ya yi. Idan an raba abin da aka samo a kogo, ka bar su su fara zaɓa. Ba zai rage maka komai ba.

Amma babban kuskuren a kan Bulus ne. Bulus malamin gona ne, mutumin kudancin jihar nan, daga wani ƙauye cikin duwatsu. Abokina ne sosai. Kekena muke hawa tare zuwa gwaji, da Sallah ya ci tuwo a gidanmu, da Kirsimeti matarsa Saratu ta aiko wa mahaifiyarka shinkafa da kaza, ta ce a gaya mini Musulmi ne ya yanka. Bulus ba shi da saurin baki. Shekara biyu yana fitowa a ɗan doka, aikinsa ya ƙame ya ce a yi shiru. Sai wata rana muka tsara wasa a kan rikicin iyakar gona, aka ba shi manomi mai ƙara, wanda maƙwabcinsa yake son ƙwace masa wata ɗorawa. An shirya cewa a ƙarshe alƙali zai ba shi dama ya yi doguwar magana, daga nan a yanke hukunci. Wata guda yana shirya maganar nan. A kan keke ina tuƙi ina jin shi a bayana yana motsa baki. Na ce ya faɗa mini, ya ce a'a, sai ranar, yana so ta same ni sabuwa.

Ranar wasa ɗaki ya cika. Mahaifiyarsa ta taso daga ƙauye a bayan babbar mota, ta zauna a bencin gaba ita da Saratu, sun sha zanen zuwa coci. Na fito da ƙaton rawani, duk abin da na faɗa sai dariya, har kaina ya yi zafi. Aka zo wurin Bulus. Ya miƙe, ya cire hula, ya ce, “Allah ya gafarta Malam,” sai ya tsaya yana haɗiyar yawu. Shirun bai fi na numfashi uku ba. Ni kuwa na ji ɗakin yana hucewa, na ga dama ta samu. Na yi hamma da ƙarfi, na ce kotu ta gaji, a samo zarto a raba ɗorawar biyu kowa ya ɗauki rabi, a tashi. Ɗaki ya rushe da dariya, mutane suna dukan benci. Malam Isa ya ɗauka ƙarshen ke nan, ya ja labule.

A bayan labule kowa yana ba ni hannu. Bulus ya ninke rigar manomin, ya miƙa wa tela, ya dube ni ya ce, “Alƙali, madalla.” Da muka koma gida ina ta ba mahaifiyarka labari kamar ba ta wurin. Ta bari na gama, ta ce kowa ya yi dariya ban da mutum uku, kuma biyu daga cikinsu a bencin gaba suke. Na ce mata ba ta san wasa ba.

Ba mu yi faɗa da Bulus ba, kuma wannan ne ya ruɗe ni. Da ya zage ni da na ba shi haƙuri a ranar. Sai dai ya zo gwaji sau biyu, ya ce aiki ya yi yawa, ya sayi kekensa. Muna haɗuwa a hanya mu gaisa mu wuce. Sauran 'yan ƙungiya kuma suka koyi darasi, kowa ya daina shirya wani abu mai nauyi, tunda an san alƙali zai iya yanke shi. Wasa ya koma ni kaɗai ina surutu, saura suna amsawa. Ba a rufe shekara biyu ba ƙungiyar ta watse, na ce talabijin ce ta kashe ta. Haka na yi ta faɗa wa mutane shekara arba'in.

Ga abin da nake so ka gane. Shirun da ɗan'uwanka ya yi a tsakiyar wasa ba naka ba ne. Nasa ne, ko tsoro ne ya kawo shi ko sabis. Mai saurin hannu da saurin baki kullum yana ganin kamar ceton wasa yake yi idan ya cike wurin, alhali ƙwace yake yi. Kai ka ga dodo ɗaya cikin ɗari da ka kashe. Shi kuwa mutum ne da ya wuni cikin ƙarar inji da ƙurar gari, ya wanke hannu, ya hau dutse da kwalinsa, don sau ɗaya mutum huɗu su yi shiru su saurare shi. Kuma kada dariyar sauran ta ruɗe ka. Ni ma an yi mini ita.

Wani abu kuma. Ban taɓa yarda na fito a wawa ko matsoraci ba, kullum sai alƙali. Kai ma na lura jaruminka bai taɓa jin tsoro ba, bai taɓa neman taimako ba. Irin wannan mutum ba a jin daɗin tafiya da shi ko a cikin tatsuniya. Wani lokaci ka bar shi ya ɓata hanya maharbiya ta nuna masa, ya ji rauni ya kira mai magani da sunansa. Wani lokaci ma ka ajiye takobin ka ɗauki garkuwa, wani ya ja tafiyar.

A nan hannuna ya gaji.

Ranar Alhamis

Habibu, kwana biyu ban taɓa takardar nan ba, domin da na karanta abin da na rubuta sai kunya ta kama ni. Ina ce maka ka nemi mutum ka ba shi haƙuri, ni kuwa na san gidan Bulus a Inkil tun shekarar da ya yi ritaya ya koma can, ban taɓa zuwa ba. Jiya da ka tafi sallama da 'yan'uwan mahaifiyarka, na sa babbar riga, na ɗauki sanda, na tari keke napep. A hanya na tsaya na sayi wainar masa mai zafi don kada in shiga hannu rabbana. Sau biyu na kusa ce wa mai keken ya juya.

Saratu ce ta fito. Ta tsufa, ta ranƙwafa, amma bakin yana nan. Ta kare ido da hannu ta dube ni, ta ce, “A'a, wa nake gani kamar Alƙali? Ka zo da zarton ne, ko a aro maka?” Na ce mata zarton ya yi tsatsa, mai shi ma haka. Ta karɓi masar, ta ce ko ba komai yau kotu ta kawo wa talaka abinci, ta shigar da ni.

Bulus yana zaune a kujera a inuwar mangwaro. Ashe shekara uku ke nan da ya sami shanyewar ɓarin jiki, ban sani ba. Hannun dama ba ya motsi, magana kuma sai a hankali, kalma ɗaya, a huta, sannan wata. Ya gane ni nan take. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar mahaifiyarka, ya ce labarin bai same su ba sai bayan an yi arba'in, ya ji nauyin zuwa. Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce na yanke masa magana a gaban mahaifiyarsa da matarsa don a yi mini dariya, na san na yi tun a ranar, girman kai ya hana ni faɗa. Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu tana tambayarsa me ya so ya faɗa a wasan nan, shi kuwa ya ƙi gaya mata, domin maganar ta kotu ce, ba ta ɗaki ba.

Na tambaye shi ko yana tune da ita. Saratu ta ce yana tune mana, ai ko sunan jikokinsa yakan rikice masa, amma wannan tana nan. Sai na cire hulata na naɗa ɗan gyalen da nake rufe wuya da shi a kaina, na gyara zama a kan turmi, na ce, “Kotu ta zauna. Mai ƙara, muna sauraronka.”

Ɗana, maganar da ba ta fi minti biyu ba, ta ɗauke shi kusan rabin awa. Sau uku na san kalmar da yake nema, tana kan harshena, na ji tsohon halin yana taso mini. Na cije bakin rigata. Kaji suna ta kiwo a gabanmu, Saratu ta tsaya da tire a hannu ba ta ajiye ba. Ga abin da ya ce, na haɗa maka shi wuri ɗaya:

“Allah ya gafarta Malam. Ɗorawar nan ba ni na shuka ta ba. Babana ne ya shuka ta shekarar da aka haife ni, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Shekarar da ruwa ya ƙi, garinta muka sha ni da ƙannena har damina ta dawo. A gindinta muka binne shi. Idan kotu ta ce ta maƙwabcina ce, na yarda. Roƙona ɗaya, a bar ni in riƙa zuwa ina share gindinta.”

Ashe ba ƙirƙira ya yi ba. Labarin mahaifinsa ne na gaskiya, shi ya sa ya ɗauko tsohuwar daga ƙauye ta ji. Abin da na sa zarto a kai ke nan.

Saratu ce ta ce to Alƙali, yau kuma kai ne ka yi shiru, a yanke mana hukunci mana, masa tana hucewa. Na ce ɗorawa ta mai ƙara ce, ita da inuwarta da kalwarta, kuma kotu tana neman gafarar jinkiri. Bulus ya yi dariya da rabin fuskarsa har hawaye, ya ce wannan shari'a ta daɗe, amma ba zai ɗaukaka ƙara ba. Muka ci masa. Kafin in tafi ya sa Saratu ta ɗauko allon wasan lido, ya ce duk Laraba in zo, shi yana jefawa da hagu, ni hannuna yana rawa, babu mai cutar wani. Na amsa. Saboda haka ka daina damuwar da na gani a fuskarka kana ɗaure kaya, kana tunanin wa zan yi hira da shi. Na sami wurin zuwa.

Kai ne nake tunani yanzu. Za ka sauka a garin da ba ka san kowa ba, ka dawo daga aiki ka rufe ƙofa. Mutanen nan huɗu su ne kaɗai za su bi ka can a aljihu, su yi maka Hausa, su tambaye ka ya gajiya. Kada ka bari su zama uku, domin daga uku ake zama biyu, na ga yadda ake yi. Ni na yi sa'a Allah ya bar mini Bulus da rai da hankalinsa. Ba kowa ake bar wa ba, Malam Isa ba a bar mini shi ba.

Ka taɓa ce mini a wasanku ana iya komawa kogo daga farko, dodon ya tashi kamar ba a taɓa shi ba. Mu ba mu da wannan gata, labule in ya rufe ya rufe. To ka kira Mai Gora, kira na murya, kada ka tura rubutu. Kada ka ce masa wasa ne kawai, kada ka ɗora wa sabis laifi. Ka ce ka yanke masa magana, ba ka kyauta ba, kuma kana son jin ta. Ka gaya wa sauran a gabansa. Ku tambaye shi lokacin da sabis ya fi zama a kan dutsen nasa, ku koma kogon a lokacin. Ka mayar da takobi kube, ka tsaya a bayansa. Idan muryarsa ta yanke, ku jira. Idan ta sake yankewa, ku sake jira. In hannunka ya yi ƙaiƙayi ka zauna a kansa.

Ranar da za ku yi, ka kira ni a ƙaramar wayata ka ajiye ta kusa da taka. Zan zauna a tabarmar nan bayan la'asar. Ina so in ji abin da mai gyaran injin niƙa ya rubuta a bayan kwali don ya faɗa wa dodo. Na yi alkawari ba zan sa baki ba.

Allah ya yi maka albarka, ya kare ka daga sharrin hanya da na mutane da na zuciyarka. Allah ya sa ka zama wanda ake murna da shigowarsa wuri, a wasa da wajen wasa. Ya ba ka lafiya da abokan arziki, ya dawo mini da kai in gan ka da idona. Ya jiƙan mahaifiyarka, wadda ta fi ni sanin wasa. Saratu ta ce in gaishe ka, wai in ka zo hutu ka je ta ga ko ka fi ubanka haƙuri. Na ce mata ka fi shi, kada ka ba ni kunya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule, wanda ake ce wa Alƙali